Wa Ya Koya Wa Ladi Kwali Ginin Tukwane?

Ku duba bayan takardar naira 20, za ku ga wata mace tana gina tukunya. Ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Sau da yawa in ana ba da labarinta sai a fara da Bature Michael Cardew, kamar shi ya koya mata sana'ar. Wannan kuwa rashin adalci ne. Tun tana yarinya a garin Kwali ta koyi gini wurin wata daga cikin iyayenta mata. Takan murza yumɓu kamar igiya, ta yi ta ɗora shi tana zagaya tukunyar tana shafe ta da hannu, sa'an nan ta zana kunama, ko ƙadangare, ko kifi a jikinta. A gidan Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, Cardew ya ga aikinta, ya yi mamaki. Sai a 1954 ta shiga makarantarsa ta gini a Abuja ta dā, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko. Abin da ta ƙaru da shi can shi ne injin juyi, da ruwan ƙyalli, da gashi da wuta mai tsanani.

To, ga abin lura. Tulun da aka shafe da ƙyalli ba ya tsatsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa, ga shi da nauyi. Ya dace da ɗakin nuni a Landan, inda aka yaba mata ƙwarai. Amma a zafin bazarar Sakkwato randar gargajiya ita ce abin nema, domin raɓar da ke fitowa jikinta, in iska ta busar da ita, ita ke kwashe zafin ruwan, ko da wutar lantarki ko babu.

Duk da haka, ƙaramin ma'aikaci da ya karɓi albashin fari sai ya nufi wurin masu roba, randa kuwa ya ce kayan ƙauye ce. In ma ya tsaya wurin magina a kasuwa, tayin wulaƙanci zai yi. Ladi ta rasu a Minna a 1984. Irin matan da suka koya mata har yanzu ba mu tambayi ko sunayensu ba, 'ya'yansu kuma suna ta barin sana'ar domin ba ta ciyar da su.