Shirin Tunkarar Annobar Mura Daga Unguwa Yake Farawa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ma'aikatan hukuma da 'yan boko, har da waɗansu daga cikin likitocinmu, duk sa'ad da aka ta da zancen annoba a birnin Kano, wato cewa shirin tunkarar annoba aiki ne na gine-gine da na'urori da kwamitoci, kuma babban abin da yake kawo masa cikas shi ne mutanen cikin ganuwa, waɗanda ake jifa da taurin kai da jahilci da fakewa da ƙaddara. Wannan magana, duk da yawan masu faɗarta da girman kujerunsu, ɓatacciya ce tun daga tushenta, kuma muddin a kanta aka ɗora shirin da ake yi wa annobar mura mai zuwa, to, lalle za mu sake binne mutanen da ba mu ƙidaya ba, sa'an nan mu koma mu ɗora musu laifin mutuwarsu.

Ya kamata mu fara sanin abin da muke jira. Murar da ake magana a kanta dabam take da ta hunturu wadda ake kora da shayin citta da kanumfari. Ƙwayar wannan cuta tana zaune a jikin tsuntsaye da aladu da mutane, tana sauya kama a hankali kowace shekara, amma wani lokaci sai iri biyu su haɗu a jiki guda su haifar da sabon iri wanda jikin ɗan Adam bai taɓa gamuwa da shi ba, sai ya game duniya cikin 'yan watanni. Haka ta faru a 1918, da 1957, da 1968, da 2009. Ta 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, ta sauka a Ikko daga jirgin ruwa a watan Satumba, ta biyo layin dogo wanda bai daɗe da isowa Kano ba, ta riski birnin cikin 'yan makonni a ƙarshen zamanin Sarki Abbas, kuma masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kusan rabin miliyan a Nijeriya, galibinsu majiya ƙarfi. A yau kuwa, da jirgin sama yake sauka a filin Malam Aminu Kano ɗauke da 'yan kasuwa da masu Umara, abin da ya ɗauki makonni a wancan zamani ba zai wuce kwana ɗaya ko biyu ba. Kuma kada mu manta cewa a Fabrairun 2006, lokacin da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, a wata gona ce ta jihar Kaduna, kafin a ankara ta bayyana a gonakin kaji na Kano.

To, idan irin wannan annoba ta zo, me gini da na'ura za su tsare a watannin farko? Mai ɗauke da cutar yana iya yaɗa ta tun kwana guda kafin ya ji zazzaɓi, yana salla cikin sahu, yana ciniki a Kurmi, yana zaman makoki a zaure. Allurar riga-kafin sabon iri ba ta samuwa sai bayan kamar wata shida, kuma ko ta samu, mun ga a 2009, mun sake gani a zamanin korona, cewa ƙasashe masu arziki su ne suke fara kwashewa, namu rabon ya iso bayan an gama zaman makoki. Gadajen Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano da na Asibitin Zana, ko an ninka su, ba za su ɗauki kashi ɗaya cikin goma na waɗanda za su kwanta a mako guda ba. Bilhasali, mafi yawan marasa lafiya a gida za su yi jinya, a hannun uwa ko mata ko 'ya, kuma wanda za a fara nema shi ne mai kemis na bakin lungu. Wanda duk ya tsara shiri bai sa waɗannan mutane a tsakiyarsa ba, ya tsara wa wani gari ne, ba Kano ba.

Mu dubi gida guda a Yakasai ko Mandawari ko Koki. Zaure ɗaya ne, a bayansa magidanta huɗu ko biyar, 'yan'uwan juna, kowa da iyalinsa a ɗaki ɗaya ko biyu, tsakar gida ɗaya, banɗaki ɗaya, tsohuwa tana kwana da jikoki, ruwa kuwa sai ɗan garuwa ya turo kurarsa ta lungun da mota ba ta shiga. Maigidan idan bai fita da safe ba, ba a ɗora tukunya da rana. Wannan gida aka aika wa umarni a watan Afrilu na 2020, a zamanin korona, cewa kowa ya zauna a ɗaki, ya nisanci ɗan'uwansa, ya yawaita wanke hannu, alhali azumi ya kama, ba a kai masa ruwa ba, ba a kai masa tsaba ba. Da yunwa ta tsananta aka sassauta dokar a ranakun Litinin da Alhamis, sai jama'ar da aka tsare kwana da kwanaki ta kwararo kasuwa a sa'o'i kaɗan, aka yi cunkoson da ya fi na kullum. Wanda ya karya irin wannan doka larura ce ta fitar da shi, kuma shari'a da kanta ta san hukuncin larura. Aibin yana ga wanda ya kafa doka bai dubi halin waɗanda za su ɗauke ta ba.

Abin da ya fi wannan zama hujja shi ne yadda aka san cewa mutuwa ta yawaita a wancan wata. Labarin ya fito ne daga bakin masu haƙar kabari, irin na maƙabartar Ɗandolo, waɗanda suka ga aikin da suke yi a mako ya koma na yini guda, suka faɗa, aka yi ta musu da su, a daidai lokacin da ɗakin gwajin korona da ake taƙama da shi ya rufe na 'yan kwanaki. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya na Tarayya, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙidaya mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni da kewaye, kuma mai yiwuwa rabi ko fiye da haka suna da alaƙa da korona. An samo wannan adadi ne ta hanyar bin maƙabartu da gidaje ana tambaya bayan an riga an binne. Da a ce akwai littafi a hannun kowane mai kula da maƙabarta da kowane mai unguwa, ana rubuta wanda ya rasu da shekarunsa da ciwon da ya yi, ana miƙawa kowace Juma'a, da an ga annobar tun a makonta na farko.

Masu waccan magana za su ce ai Kanawa ne suka ƙaurace wa allurar shan-inna daga 2003 zuwa 2004, har cutar ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Haka ne, kuma an yi hasara mai nauyi wadda yara suka biya da ƙafafunsu. Amma adalci ya wajabta a ambaci abin da ya gabaci wannan: a 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200 a Asibitin Zana, goma sha ɗaya suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyayensu, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Mutumin da ya tuna wannan ya yi ɗari-ɗari, yana aiki da hankalinsa ne. Kuma yadda aka warware matsalar ya isa darasi, domin sai da aka koma ga sarakuna da hakimai da masu unguwanni da limamai, aka ɗauki matan unguwa suna shiga gida gida, sa'an nan ƙofofi suka buɗe, har aka wayi gari a watan Agusta na 2020 an tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Jama'ar nan ɗaya ce, ba a sauya ta ba; hanyar zuwa gare ta aka gyara.

Amma batun ƙaddara da ake cewa ita ta hana mu shiri, wannan ƙazafi ne ga addini. Almajirin da ya yi nisa kaɗan a karatu ya san cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annobar Amwas, bayan ya yi shawara da sahabbai, kuma ya nuna wa Abu Ubaida cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Almajirin ya san an hana shiga garin da annoba ta sauka, an hana fita daga cikinsa, kuma Amru ɗan Asi ya warwatsa jama'a cikin duwatsu har cutar ta lafa. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, jinyar marar lafiya kuwa farilla ce ta kifaya a kan al'umma. Malamanmu suna da wannan ilmi. Abin da ya rage shi ne a zauna da su tun ana zaman lafiya, a tattauna mas'alar jam'i da Juma'a da wankan gawa da zaman makoki a lokacin annoba, maimakon a kira su da daddare a miƙa musu takarda su karanta a rediyo.

Ba na musun cewa ana bukatar asibiti. Wanda mura ta sauka masa a huhu iskar oksijin ce take tsaya masa da izinin Allah, kuma wajibi ne a tanade ta a asibitocin unguwanni, tare da janareto da ma'aikatan da aka biya haƙƙinsu aka ba su abin kare kansu. Abin da nake musu shi ne jerin da aka yi, inda aka sa gini a gaba, aka bar mutane a baya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma amana ta fi kowane tanadi ɗaukar lokaci kafin ta kafu.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da Majalisar Masarauta da shugabannin ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale su fara da abin da ba ya bukatar taimakon waje. A ba kowace maƙabarta littafi da ɗan albashin mai rubutu. A koya wa masu kemis da ungozomomi alamomin da suke wajabta gaggawar kai mutum asibiti, kamar sarƙewar numfashi, a ba su lambar da za su kira idan zazzaɓi da tari sun yawaita a lungu guda. A farfaɗo da aikin duba-gari, a sa ido a kan 'yan kaji, a kuma yi alkawarin biyan diyya cikin gaggawa ga wanda kajinsa suka mutu ya kai rahoto, domin wanda ya san hasara zai yi ɓoyewa zai yi. Kowane mai unguwa ya san tsofaffi da masu ciki da masu ciwon suga da ke ƙarƙashinsa, da makarantun allo da adadin almajiransu, da gidajen da za a fara kai wa abinci da ruwa in an tilasta zama a gida. Sa'an nan hukuma ta ɗaure wa kanta faɗin gaskiya, ta bayyana adadin waɗanda suka rasu ko da ya yi ɗaci, gama shugaban da ya ɓoye wa talakawa mutuwar da suke gani da idonsu ya zubar da ikon da zai umarce su da shi gobe, kuma za a tambaye shi a kan kowane rai da aka ba shi kiwo.