Zumunta A Ƙafa Take, Har Tsakanin Bawa Da Ubangijinsa

  

Mu da aka ɗora wa riƙon littafin taro, akwai layi biyu da hannunmu ya saba da su har ba ma tunani kafin mu rubuta. Na farko, an buɗe taro da addu'a. Na ƙarshe, an rufe taro da addu'a. A zaman da ya gabata, da Malam ya ɗaga hannu zai rufe, sai muka ɗan dubi zauren. Wani hannu ɗaya na sama, ɗaya na latsa waya. Wani har ya zura takalmi ƙafa guda. Amin kuwa sai tashi take ta ko'ina, amma da za a tare mu a bakin ƙofa a ce me Malam ya roƙa, da an ji kunya. Ba mu cire kanmu ba, domin mu ma a lokacin lissafin kuɗin wata muke yi a zuci. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wa junanmu tuni. Mu ba malamai ba ne, ɗan abin da muka tsinta ne a zauren karatu, inda muka kauce malamanmu su gyara mana. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Duk wanda yake garin nan na Ibadan a watan Fabrairun 2021 bai manta da rikicin Shasha ba. An rasa rayuka, an ƙona rumfuna da gidaje, jama'a da yawa suka fake a gidan Sarkin Shasha, wasu suka hau mota suka koma gida da kayan jikinsu kawai. A waɗannan kwanaki ba wanda aka roƙa ya tashi sallar dare. Mun ga manyan mutane suna kuka a sujada, mun ga wanda bai iya doguwar addu'a ba yana ta maimaita ya Allah, ya Allah, kuma ka san daga cikin zuciya take fitowa. Da ƙura ta lafa, motoci suka ci gaba da sauke kaya, sai sahun asuba ya fara komawa yadda yake a da. Alƙur'ani ya ba da misalin irinmu a cikin suratul Ankabut: mutanen da ke cikin jirgin ruwa, sukan kira Allah shi kaɗai da zuciya ɗaya, in ya fitar da su tudu sai su koma halinsu. A hadisi na 19 na Arba'una Hadisi kuma, Manzon Allah (SAW) ya hori Abdullahi ɗan Abbas da ya san Allah a lokacin yalwa, Allah zai san shi a lokacin tsanani. Hausawa ma sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ra'ayinmu shi ne, yawancinmu mun ɗauki addu'a kamar takardar koke da ake kai wa ofis idan abu ya ɓaci. Alhali asalin kalmar kira take nufi, bawa ya kira Ubangijinsa. Mu duba aya ta 186 a suratul Baƙara, wadda ta zo a tsakiyar ayoyin azumi. A wurare da yawa cikin surar, idan mutane suka yi tambaya, kan jinjirin wata ko ciyarwa ko giya da caca, sai a umarci Annabi (SAW) da ya faɗa musu amsa. Amma da aka zo tambaya game da Allah kansa, malaman tafsiri sun lura ba a sa wannan umarnin a tsakani ba. Allah da kansa ya amsa cewa yana kusa, kuma yana amsa kiran mai kira idan ya kira shi. Ke nan babban abin da mai addu'a ke samu shi ne kusancin. Biyan buƙata yana biyo baya ne.

Mu 'yan Kurmi mun fi kowa sanin wannan a zamanmu na duniya. Akwai ɗan uwan da ba ka jin muryarsa sai ranar da yake son a tura masa kuɗi, akwai kuma wanda zai kira ka don kawai ya ji lafiyarka. Kowa ya san wanda ya fi shiga rai. Allah ya fi ƙarfin misali, kuma shi ba ya gajiya da mai roƙo, hasali ma yana son a roƙe shi. Amma mu tambayi kanmu, wane iri ne mu a cikin biyun nan? Zumunta a ƙafa take. An farlanta mana salloli biyar, raka'a 17, sujada 34 kowace rana, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa bawa ya fi kusa da Ubangijinsa a lokacin da yake sujada. Sau 34 ake buɗe mana ƙofa a wuni, mu kuwa sai mu leƙa mu juya.

Abu uku muke gani suna yanke mana wannan zumunta.

Na farko shi ne aike. Kasuwa ta tsaya, ko yaro ba lafiya, ko ana neman rumfa, sai mutum ya tura wa malami kuɗi ta waya ya ce a taya shi da addu'a, shi kuma ya juya ya yi barcinsa. Kada a yi mana mummunar fahimta. Neman addu'ar mutanen kirki da ta iyaye abu ne mai kyau, kyautata wa malamai kuma sadaka ce mai lada. Hadisi ya nuna wanda ya yi wa ɗan uwansa addu'a a bayan idonsa, mala'ika na cewa amin, shi ma a ba shi irinta. Abin da muke ƙi shi ne mutum ya sallama nasa bakin gaba ɗaya. Ciwon da ke cikinka kai ka san inda yake maka zafi. Annabi Zakariyya da yake neman ɗa da tsufansa, shi ya kira Ubangijinsa a ɓoye. Annabi Yunusa a cikin kifi ba shi da ɗan aike. Wanda kuma yake cewa bai iya Larabci ba, Allah da ya halicci harsuna yana jin Hausa. In ka sallame salla, ɗaga hannu ka faɗa masa damuwarka da harshen da ka tashi da shi.

Na biyu shi ne gaggawa. Mu je masallacin kasuwa da azahar mu ga yadda wasunmu ke ruku'u da sujada kamar kaza na tsintar tsaba, ido na kan rumfa, ana sallamewa a zabura. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya yi salla a gaban Annabi (SAW), aka mayar da shi har sau uku ya sake, saboda babu natsuwa a cikinta. Wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san natsuwa da daidaito suna cikin farillan salla. Awa nawa muke ɓatawa a kan ciniki ɗaya, ana albarka ana ƙarawa, ba mu gaji ba? Me ya sa minti goma a gaban wanda ke riƙe da arzikin suka yi mana tsawo?

Na uku shi ne ya fi ba mu tsoro, domin ya shafi abin da muke ci. Mukan yi wa kanmu albishir da cewa addu'ar matafiyi karɓaɓɓiya ce, kuma haka ne, ga shi kuwa kullum wasunmu na bisa hanya tsakanin nan da gida. To amma hadisi na 10 a Arba'una matafiyi ya ambata shi ma: mutum ya yi doguwar tafiya, kansa ya yi birkici, jikinsa duk ƙura, ya ɗaga hannuwa sama yana kiran Ubangiji, amma cinsa haram, shansa haram, tufarsa haram. Sai aka ce ta yaya za a amsa masa? Duk lokacin da muka ji wannan hadisi sai mu ga kamar hoton ɗayanmu ne ya sauko daga bayan mota a Akinyele.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Muna da masu jera manyan tumatir a saman kwando su cusa ruɓaɓɓu a ƙasa. Muna da mudun da aka bubbuge gindinsa. Muna da dillalin da zai ci la'ada, ya kuma ɓoye wa mai kaya ainihin kuɗin da aka sayar. Muna da wanda aka ba saƙon kuɗi ya kai wa iyalin wani a gida, ya juya su tukuna. Annabi (SAW) ya taɓa cusa hannunsa a tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi, ya kuma nesanta mai algus daga kansa. Suratul Muɗaffifina da masu tauye mudu ta fara. Kuma kada wani ya ce ai ba namu ba ce mai sayen. Matar da ta ɗauki kwandon nan ta kai Bodija ko Oje ta zazzage ta ga ɓarna, in ta ɗaga kai ta kai ƙara, addu'ar wanda aka zalunta ba ta da shamaki, ba a kuma tambayar ƙabilarsa ko addininsa. Kakanninmu da suka zauna Sabo tun 1916 da fataucin goro da shanu, bashi ake ba da dabbobi da baki kawai, mai gida ya tsaya a tsakani. Amana ce jarinsu, ita ta sa aka ba su wurin zama. Idan muka zubar da ita, mun yi asara wurin Allah, mun kuma yi asara wurin maƙwabta.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba za mu raina maganarsu ba. Wani zai ce, Sakatare, kayan gwari ba sa jira, mota ta iso da asuba, in ka juya baya wani ya kwashe masu saye. Gaskiya ne. Ɗan acaba da mai gadi da mai dako ma ba su mallaki lokacinsu ba. Amma Allah bai ce a bar kasuwa a tare a masallaci ba. A suratun Nur ya yabi mazajen da fatauci da ciniki ba sa shagaltar da su daga ambatonsa, ke nan 'yan kasuwa ne. Kuma mu duba wata falala da muke takawa mu wuce. Lokacin da muke zaune muna jiran mota da ƙarfe uku ko huɗu na dare, ko mai gadi ke zaune a bakin ƙofa, shi ne sulusin dare na ƙarshe, wanda ya tabbata cewa Allah na kiran masu roƙo su roƙa a ba su. Wasu sai sun sa agogo suke tashi, mu kuwa sana'a ta riga ta tashe mu. Buta da raka'a biyu kawai suka rage, sai mu cinye lokacin a teburin mai shayi da kallon waya.

Wani kuma zai ce, na yi ta roƙo shekara da shekaru ban ga canji ba, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya cinye riba, ga haya, ga na gida suna jira. Wannan ɗan uwa ba ya buƙatar faɗa, yana buƙatar a zauna da shi. Abin da muka koya shi ne addu'ar mumini ba ta faɗuwa ƙasa banza: ko a ba shi abin da ya roƙa, ko a ajiye masa sai lahira, ko a kawar masa da wani sharri kwatankwacinta. Mu da muke bin hanyar Ilori da Mokwa da dare, wa ya san sau nawa aka kawar mana da abin da ba mu gani ba? An kuma hana mu gaggawar cewa mun roƙa ba a amsa ba. Sannan addu'a ba ta ɗauke wa mutum neman halal, ba ta kuma ɗauke wa mai hali taimakon ɗan uwansa. Sau da yawa amsar addu'ar wani tana cikin aljihun waninmu.

Hanyar kusanci ba ɓoyayyiya ba ce. Hadisi na 38 a Arba'una ya nuna babu abin da bawa zai kusanci Allah da shi da ya fi farillai, sannan ya yi ta ƙarawa da nafiloli har Allah ya so shi. Don haka ba sabon abu muke kira a ƙirƙiro ba, ba kuma muna maganar ɗariƙar wani ko ƙungiyar wani ba ne. Ga ɗan abin da muke roƙon junanmu. Maƙwabta a layi ɗaya su riƙa tsare wa juna rumfa, wasu su yi salla su dawo, wasu su tafi. Bayan sallama kowa ya zauna ko minti biyu ne, ya roƙi Allah da bakinsa, ya fara da godiya kafin koke. Wanda ya san akwai haƙƙin wani a hannunsa ya mayar tun yana da iko, in yana jin nauyi dattawan ƙungiya za su shiga tsakani a rufa asiri. Iyaye mata kuma, ku da yara suka fi zama da ku, ku bari su riƙa jin kuna roƙon Allah a ranar daɗi, kada su taso suna zaton sai an shiga uku ake ɗaga hannu.

A zama mai zuwa za mu sake rubuta layin nan biyu kamar kullum. Roƙonmu shi ne idan Malam ya ɗaga hannu, waya ta koma aljihu, takalmi ya jira, kowa ya san abin da yake ce wa amin.

Allah ya sa mu cikin bayinsa makusanta, ya tsarkake mana abin da muke ci da abin da muke ciyar da iyali, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya mayar da kowa gida cikin rufin asiri. Amin.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Ƙungiya