Fatauci Tsakanin Taurari: Wahalar da ta Cancanci Lokacin Ɗan Wasa

Daga cikin wasannin kwamfuta da suka daɗe a hannun jama'a, kaɗan ne suka yi suna wajen gwada haƙurin masu buga su kamar Elite Dangerous, wanda kamfanin Frontier Developments na birnin Kambirij a Ingila ya fitar a ranar 16 ga Disamba, 2014. Wasa ne na kwaikwayo, wato irin wanda ke ɗora wa mutum duk ɗawainiyar da matuƙin kumbo zai ɗauka da a ce abin na gaske ne, tun daga lissafin mai da nauyin kaya da zafin inji har zuwa kuɗin gyara da neman izinin shiga tasha. Ana ba sabon shiga ƙaramin kumbo mai suna Sidewinder da jarin kiredit 1,000, wanda shi ne kuɗin da ake ciniki da shi a cikin wasan, sannan a sake shi a cikin gungun taurarin Milky Way, inda ranarmu da duniyarmu suke, wanda aka zana bisa girmansa na ainihi da rukunonin taurari kimanin biliyan 400. Mutane da yawa suna ajiye shi tun a kwanakin farko, su ce ya yi tsauri. Ra'ayin wannan shafi shi ne cewa tsaurin iri biyu ne, ɗaya shi ne darajar wasan baki ɗaya, ɗayan kuwa nauyi ne da aka ɗora wa mutane ba tare da dalili ba, kuma bai kamata a yi musu hukunci guda ba.

Tsaurin ya samo asali tun daga kakan wasan, wato Elite, wanda David Braben da Ian Bell suka rubuta suna ɗalibai a Jami'ar Kambirij, kamfanin Acornsoft kuma ya fitar a 1984 domin kwamfutar BBC Micro mai ma'ajiyar kilobait 32 kacal. Saboda ƙarancin wuri, matasan biyu suka sa kwamfutar ta riƙa haifar da duniyoyi daga jerin lambobi a maimakon adana su ɗaya bayan ɗaya, da haka suka samu gungu takwas, kowanne da duniyoyi 256. Kamfanin Thorn EMI, wanda aka fara kai wa wasan, ya ƙi karɓa saboda ya saba da wasanni masu rai uku da maki da ake gamawa cikin 'yan mintuna. Abin da kamfanin ya gani a matsayin aibi shi ne ya sa aka ci gaba da tuna wasan, har ta kai ga cewa lokacin da Braben ya nemi tallafin jama'a ta Kickstarter a ƙarshen 2012 domin sabon salo, an tara masa fiye da fam miliyan ɗaya da rabi.

Wanda yake son ya fahimci wahala mai amfani, to ya dubi yadda ake shiga tasha. Manyan tashoshin suna juyawa ba tsayawa domin samar wa mazauna ciki nauyin da zai riƙe su a ƙasa, kuma ƙofarsu siririyar tsaga ce mai kama da bakin akwatin wasiƙa. Matuƙi zai matso har tazarar kilomita bakwai da rabi kafin ya iya neman izini, a ba shi lambar filin sauka da wa'adin minti goma, sannan ya daidaita juyin kumbonsa da juyin tashar, ya bi gefen da ke da koriyar fitila domin kada ya yi karo da mai fitowa, ya sauke ƙafafun kumbon, ya sauka yana fuskantar inda aka tsara. Idan ya yi gudun da ya wuce mita 100 a daƙiƙa ya bugi wani, tara ce ta hau kansa. Idan kuma ya tsaya ya tare ƙofa, tashar da kanta za ta buɗe masa wuta. Akwai na'urar da ke yin saukar a madadin mutum, kuma tun 2019 ana saka ta a kumbon sababbin shiga, amma wanda ya daure ya koya da hannunsa yakan ga bambanci a fili bayan mako guda, domin abin da ya inganta ba lamba ba ce a kan allo, hannunsa ne da idonsa.

Haka abin yake a kasuwa. Kowace tasha tana da irin tattalin arzikinta, wata ta noma, wata ta haƙar ma'adinai, wata ta tace su, wata ta ƙera injuna, kuma farashi yana bin yawan kaya da yawan buƙata, ta yadda wanda ya zuba kaya iri ɗaya da yawa a wuri guda zai ga farashin ya faɗi a hannunsa. Yunwa ko annoba ko yaƙi tsakanin ƙungiyoyin da ke mulkin wani rukuni sukan ɗaga farashin abinci ko magani ko makamai, kuma ayyukan 'yan wasan ne da kansu ke taimakawa wajen juya waɗannan al'amura. Lissafin bai yi nisa da na fataken da suka riƙa tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gonja a ƙarni na 19 ba, waɗanda ke ɗaukar kanwa da tufafi da fata su komo da goro, madugu kuma yana auna ribar kaya da haɗarin hanya kafin ayari ya ɗaga. A nan ma duk gurbin da aka cika da kaya gurbi ne da aka hana wa garkuwa ko sulke, saboda haka mai kwaɗayin riba shi ne ya fi sauƙin faɗawa hannun 'yan fashi.

Idan faɗa ya kama, matuƙi yana da kason wuta shida da zai riƙa rabawa tsakanin garkuwa da inji da makami, kuma babu ɓangaren da ke ɗaukar fiye da huɗu, don haka a kowace daƙiƙa yana zaɓen abin da zai sadaukar. Abin da ya ba wannan zaɓi nauyi shi ne tsarin inshora: wanda aka fasa wa kumbo sai ya biya kashi 5 cikin 100 na darajarsa kafin a mayar masa. Kumbon Anaconda, alal misali, yana kai kimanin kiredit miliyan 147 tun kafin a saka masa kayan aiki, wato asararsa sau ɗaya ta haura miliyan 7, ga kayan da aka ɗauko sun tafi, wanda kuma ya kasa biya yana iya tsintar kansa a cikin Sidewinder ɗin da ya fara da shi. Shi ya sa nasihar farko da tsofaffin hannu ke yi wa sabon shiga ita ce kada ya taɓa tashi da kumbon da ba shi da kuɗin fansarsa.

Wannan haɗari ne ya haifar da abin da ya fi kyau a wasan, wato taimakon juna. Mai yakan ƙare wa matafiyi a tsakanin taurari idan bai lura cewa iri bakwai ne kawai daga cikinsu ake iya ɗibar mai a jikinsu ba, kuma da zarar inji ya mutu, iskar shaƙarsa ba ta wuce minti 5 zuwa 25, gwargwadon na'urar da ya saya. A 2015 wasu 'yan wasa suka kafa ƙungiyar Fuel Rats, wadda aikinta shi ne kai wa irin waɗannan mutane mai kyauta a duk inda suke, kuma sun ceci dubun-dubatar kumbo. A 2019 fiye da mutum 13,000 suka yi rajistar ayarin Distant Worlds II zuwa Beagle Point, mai tazarar kimanin shekarar haske 65,000 daga rana, kuma shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci a shekara guda, kusan kilomita tiriliyan tara da rabi. Tafiyar ta ɗauki watanni, waɗanda suka kai ƙarshenta ba su kai rabi ba, kuma da hanyar mai sauƙi ce da babu wanda zai nemi abokin tafiya.

Wahala ta biyu ta bayyana sosai a 2016, lokacin da aka shigo da injiniyoyi, wato ƙwararru na cikin wasa da ke ƙara wa kumbo ƙarfi idan an kawo musu wasu kayayyaki. Tara kayan ya zama maimaita abu ɗaya sa'o'i da dama, har mutane suka koma fita daga wasa suna sake shiga domin kayan su sake bayyana a wuri guda. Babu fasahar da ake koyo a nan, babu shawarar da ake yankewa, lokaci kawai ake zubarwa, kuma wanda bai yi ba, ba zai iya tsayawa a gaban wanda ya yi ba komai ƙwarewarsa. Kamfanin ya sassauta tsarin a 2024, bayan shekara takwas ana kuka, amma a shekarar ce kuma ya fara sayar da kumbo shiryayye da kuɗi na gaske, tare da ba masu biya damar mallakar sababbin kumbo kafin sauran jama'a. Kamfani yana da haƙƙin neman abin da zai riƙe ma'aikatansa da na'urorinsa, wannan babu musu, sai dai duk ranar da ya zama yana cin riba daga gajiyar mutane, to ya samu dalilin barin gajiyar a inda take.

Akwai kuma cikas ɗin da ya shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye. Wasan yana buƙatar intanet a kowane lokaci, ko da mutum ya zaɓi ya buga shi kaɗai, domin an soke alkawarin bugawa ba tare da intanet ba ana saura kusan wata guda a fitar da shi. A inda wuta ke ɗaukewa ba sanarwa kuma layi ke yankewa, wannan yana nufin katsewar tafiya saboda laifin da ba na matuƙi ba.

Saboda haka wanda ke da kwamfuta mai ƙarfi da layi mai ɗorewa, kuma yana da sa'o'in da ba na salla ko aiki ko iyali ba, ya shiga da niyyar koyo, ya kashe na'urar sauka bayan 'yan kwanaki, ya fara da ƙaramin fatauci a kusa, kada kuma ya sayi kumbo da kuɗin aljihunsa. Frontier Developments kuwa ya kamata ya bar ƙofar tasha da tsarin inshora yadda suke, ya ci gaba da rage tara kayan injiniyoyi har sai ya zama ƙwarewa ce ke raba 'yan wasa, ba yawan sa'o'in da suka ɓatar ko kuɗin da suka biya ba.