Ƙafar Mota Ba Takalmin Biki Ba Ce

Jama'ar wannan kwaleji, malamai da ɗalibai, ina roƙonku ku ba ni hankalinku kaɗan in yi magana a kan wata al'ada da ta shigo mana, watau canza wa mota ƙafa don ƙawa. Ba hange nake yi daga nesa ba. Ni da kaina na yi, na kuwa sha wuya, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ga yadda abin ya faru. Kowa ya sani ran 1 ga Janairu kowace shekara ake bikin Afan a Kagoro, 'yan ƙasa da ke aiki a Abuja da Kaduna da Legas su dawo gida, kowa da abin hawansa. To, wata shekara ina cikin taron sai ga wata mota ja ta iso, irin motocin tseren nan na Turai, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare. An sa mata wili launin zinariya, taya kuwa siririya sai ka ce an naɗa ƙyalle. Yara suka yanyame ta, manya ma muka miƙa wuya. Da ta zo kan tudun rage gudu sai da mai ita ya karkata ta, ya bi a hankali kamar mai tsallake ƙwai, duk da haka muka ji cikinta ya gurji ƙasa. Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin wilin nan ya riga ya shiga raina.

Kafin watan Maris ya ƙare na kai tsohuwar Camry ɗina an kwance mata ƙafafunta na asali masu inci 15, an ɗaura mata na alminiyam masu inci 18. Albashin wata biyu ya tafi. Abokan aiki suka yi ta yabawa, ni kuwa ina jin kaina. Wani dattijo mai faci da na saba kai masa aiki ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, wannan ƙafar ta birni ce, ba ta hanyarmu ba." Na ce a raina, tsoho ne, bai san zamani ba. Ashe abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Cikin watan Agusta, da almuru, ana ruwa, muna komowa Kafanchan da maiɗakina da yara biyu, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Ramin da tsohuwar ƙafata ta sha shiga ta fita lafiya. Wannan karon sai muka ji ƙara kamar ta bindiga, sitiyari ya ƙwace, motar ta yi gefe ta tsaya dab da kwalbati. Wilin gaba ya tsage, taya ta yage. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, amma kukan da yaran nan suka yi cikin duhu ba zan manta da shi ba.

Tun daga ranar na koma ɗalibi, na bi abin da na ƙi bi tun farko. Ga abin da na gane, kuma kowa ya san lissafin firamare zai gane shi.

A jikin kowace taya akwai lambobi. Tawa ta asali an rubuta mata 205/65 R15. Ma'anarsa faɗinta milimita 205 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, watau wajen milimita 133, wilin kuwa inci 15. Wadda na saya don ƙawa 225/40 R18 ce, tsayin gefenta milimita 90 kawai. Kun ga na zubar da milimita 43 na roba da iska, su ne kuwa matashin da ke tsakanin ƙarfe da bakin rami. Duk wanda ya ƙara girman wili, tilas ya rage kaurin taya, in ba haka ba ƙafar ba za ta shiga gurbinta ba. In kuwa ya ƙi ragewa sosai, wata matsalar ta taso. Misali, wanda ya sa 245/35 R20 a irin motata, ƙafarsa ta fi ta asali girma da kusan kashi 5 cikin ɗari. Agogon gudu zai nuna masa kilomita 100, alhali yana kan 105.

Sa'an nan akwai maganar ramukan noti. Camry tana da biyar, a jere kan da'ira mai faɗin milimita 114.3. Yawancin Mercedes ma biyar gare su, amma da'irarsu 112 ce. Bambancin kamar kaurin tsinken ashana ne, ido ba ya gani, sai mai neman ciniki ya ce maka zai shiga, ya sa sifana ya matsa da ƙarfi. Ya shiga kam, amma a karkace, kuma ƙarfen da aka ɗaure a karkace yana gajiya, wata rana ya karye ana cikin gudu.

Haka kuma ba kowane wili mai ƙyalli ne ɗaya ba. Akwai wanda ake narka alminiyam a zuba a mazubi, kamar yadda maƙera ke zubin tukwane a kasuwa. Akwai kuma wanda ake danne curin ƙarfen da injin mai ƙarfin tan dubbai har ya ɗauki siffa. Na biyun ya fi ƙarfi, ya fi rashin nauyi, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba. Irinsa masu Ferrari da Lamborghini da Porsche suka fi nema wurin kamfanoni irin su BBS na Jamus da OZ na Italiya. Wanda ke rataye a bakin titi da araha, sau da yawa kwaikwayon siffarsu kawai aka yi. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. A Jamus ba a yarda mutum ya ɗaura wa motarsa wilin da ba a gwada shi an ba shi takardar amincewa ba. A Japan ma akwai tambarin JWL da ake bugawa jikin wanda ya ci gwaji. Mu a nan, wa ya taɓa tambayar takarda? Launi muke dubawa.

To, na san abin da wasu za su ce. Za su ce kuɗin mutum ne, motarsa ce, son ado kuma ba laifi ba ne. Na yarda son ado ba laifi ba ne. Har ma zan ƙara musu da cewa motar tsere tana da hujjar babban wili da siririyar taya: birkinta babba ne, yana bukatar fili, siririyar taya kuma ba ta lanƙwashewa a kwana in ana gudu mai tsanani. Amma fa an yi ta ne domin titi mai santsi kamar faranti. Tsakanin cikinta da ƙasa bai fi taƙi ɗaya ba, har wasu sai da aka yi musu na'urar ɗaga hanci don tsallake tudu. Mu kuwa hanyarmu ita ce ta Kwoi da Zonkwa da Kaciya da Manchok, inda manyan motoci ke dakon citta da doya, damina kuma ta yi nata aikin. Batun cewa motarsa ce, ai ba shi kaɗai ke cikinta ba, ba kuma shi kaɗai ke kan hanya ba. In ƙafa ta fashe, ba ta tambayar wa ya biya kuɗinta. Ɗan acaba da ke gefe da yarinya mai tallar gyaɗa ba a yi shawara da su ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, a Kafanchan na yi wannan wauta, garin da ƙafar ƙarfe ta raya. Tun 1927 layin dogo ya mai da nan mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos. Tsofaffin ma'aikatan reluwe suna ba da labarin yadda in jirgi ya tsaya a tasha, wani zai bi shi da guduma mai dogon ƙota yana ƙwanƙwasa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, yana sauraro. Lafiyayyar ƙafa tana amo, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Ba wanda ya damu da kyanta. Haka nan Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ba ƙyalli ya sa ta ci ƙauyukanmu ba. Tsayi gare ta, da taya mai kauri, da wilin baƙin ƙarfe wanda in ya lanƙwashe a buge shi da guduma ya miƙe. Na alminiyam kuwa tsagewa ya fi yi, wanda aka yi wa walda kuma hankali ba ya kwanciya da shi.

Saboda haka ga shawarata. Wanda ya matsu sai ya canza ƙafa, ya duba takardar da kamfani ya manna a bakin ƙofar direba, ya ga girman da aka yarda da shi, kada ya yi nisa da shi. Ya tabbata ramukan noti sun dace daidai ba tare da dole ba. Ya duba lambobi huɗu na ranar ƙira a jikin taya: 2319, misali, mako na 23 ne na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗi a kan taya da ta wuce shekara huɗu. In kuɗin ba su isa a yi duka ba, a sayi sabuwar taya mai kyau a bar ado. Taya huɗu masu lafiya a kan tsohon wili sun fi wilin zinariya a kan ruɓaɓɓiyar roba.

Ku kuma ɗalibai, gobe ku ne malamai a garuruwa da ƙauyuka, yara za su dubi abin da kuke yabawa su yaba. In za ku koyar da kashi cikin ɗari, ga darasi nan kwance a jikin kowace taya a bakin makaranta. Ku fita da su su karanta, su auna, su lissafa. Yaron da ya saba tambayar abin da lamba ke nufi, ba a cika ruɗinsa da ƙyalli ba.

Ni dai na mai da wa motata ƙafafunta na asali, na koma wurin dattijon nan na ba shi haƙuri. Bai ce mini kome ba, sai ya yi murmushi ya ci gaba da ba taya iska. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Iyakar abin da zan ce ke nan. Allah ya kai kowa gida lafiya.