Tilaberi ɗaya ce a takarda, amma Kurfai ba ta bakin kogi

Matafiyin da ya bar Yamai ya kama hanyar Filinge zai wuce Hamdallai, ya ratsa Balayara inda kasuwar Lahadi ke tara shanu da raƙuma daga kusa da nesa, sannan ya bi kwarin Dallol Boso ta Bonkuku har ya ci kilomita kamar 180. Tun da ya ba babban birni baya, a cikin jihar Tilaberi yake tafiya. Sai dai abin da yake hange ta tagar mota bai yi kama da Tilaberin da aka saba nunawa a talabijin ba, mai kogin Isa da fadamun shinkafa da aikin madatsar ruwa ta Kandaji. Nan, a Kurfai, ƙasar tudu ce da rairayi, ta hatsi da wake da kiwo, inda damina guda ke yanke wa gida hukuncin shekara.

Wannan jarida tana ganin a nan ne babban giɓin yake a tsarin raya yankunan Nijar. Ana auna talauci da arziki jiha-jiha, ana raba ayyuka jiha-jiha, alhali tazarar da ke tsakanin manomin shinkafa na bakin kogi da manomin gero na Cikal da ke Kurfai ta isa a ce ƙasashe biyu ne.

Alƙaluman hukuma sun nuna inda mizanin ya tsaya. Binciken halin rayuwar iyalai da Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, ta gudanar a 2018 zuwa 2019 ya sami kashi 40.8 cikin 100 na 'yan ƙasa a cikin talauci: kashi 46.8 a karkara, kashi 11.8 a birane. Aiki ne mai kyau, kuma da shi ake tsara manufofi. Amma irin wannan bincike gidaje 'yan dubbai yake tambaya a faɗin ƙasa, don haka iyakar abin da zai iya faɗa da tabbaci shi ne halin jiha sukutum. Tilaberi kuwa gundumomi 13 gare ta da ƙananan hukumomi 45, kuma ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan 2 da dubu 700 a cikinta. Gundumar Filinge kaɗai, bayan an cire mata Abala da Balayara a 2011, ta haura mutum dubu 300, a ƙananan hukumomi huɗu: Filinge, Kurfai ta Tsakiya, Imanan da Tondikandiya. Idan aka zuba waɗannan duka a ƙwarya ɗaya da Kollo da Say na bakin kogi aka dama, adadin da zai fito ba na kowa ba ne. Mai tsara kasafi a Yamai zai duba ya ga Tilaberi ta samu aikin madatsa mai megawat 130 da alkawarin ban ruwa na hekta dubu 45, ya ɗauka jihar ta samu rabonta. Ruwan Kandaji kuwa ba zai hau tudu ya zo Kurfai ba.

Mutanen yankin sun san abin da ke biyo baya idan mai yanke shawara yana nesa kuma bai san halin da ake ciki ba. A yunwar 1931, da fara ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar, hukumar mulkin mallaka ta ci gaba da karɓar haraji, jama'a suka watse, da yawa suka mutu. Masana tarihi irin su André Salifou da Finn Fuglestad sun rubuta wannan dalla-dalla. Hanyar cin rani zuwa Kumasi da Ankara, wadda Jean Rouch ya bi ya yi nazari a kai a shekarun 1950, ta zama gadon gidaje, yau kuma ta ƙara rassa zuwa Legas da Abijan da Libiya. Ko Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu a gundumar Filinge, wanda ya karɓi mulki a 1974 a tsakiyar wani farin ya riƙe har rasuwarsa a 1987, bai bar yankin da abin da zai tsayar da samarinsa a gida ba. Samun ɗa a fadar shugaban ƙasa bai taɓa zama tsarin raya karkara ba, kuma bai kamata jama'a su zauna jiran sa ba.

Masu bincike a duniya sun daɗe suna ja-in-ja a kan maganin irin wannan tazara. Bankin Duniya ya fitar da rahotonsa na shekarar 2009 a kan yadda arziki ke taruwa a wurare ƙalilan, inda ya ba da shawarar a ba mutum ilimi da lafiya da hanya, a bar shi ya tafi inda aiki yake. A 2009 kuma masanin tattalin arziki ɗan Italiya Fabrizio Barca ya miƙa wa Tarayyar Turai rahoton da ya ce kowane yanki yana da abin da ya iya, aikin hukuma shi ne ta gano shi tare da mutanen wurin ta zuba jari a kai. Shawarar farko Kurfayawa sun riga sun gwada ta da ƙafafunsu shekara da shekaru. Kuɗin 'yan cin rani yana cika rumbu idan damina ta gaza, yana aurar da 'ya'ya, yana rufa asiri, kuma babu mai raina wannan. Amma bai gina hanya ba, bai kawo wuta ba, kuma yana barin garuruwa a hannun mata da tsofaffi rabin shekara. Jaridar nan ta fi karkata ga shawara ta biyu, da sharaɗin a fara da sanin wurin.

Akwai dabarar yin hakan, kuma ba sabuwa ba ce. Masana ƙididdiga suna haɗa bayanan ƙidayar jama'a da na binciken gidaje su fitar da taswirar talauci har zuwa matakin ƙaramar hukuma. Maroko ta yi amfani da irin wannan taswira lokacin da Sarki Muhammad na Shida ya ƙaddamar da shirin raya ɗan Adam a 2005: aka zaɓi ƙananan hukumomin karkara 403 da talauci ya fi yi wa katutu, aka ware musu kuɗi da sunansu. Nijar tana da ma'aikatan da za su iya wannan aiki. Abin da ake bukata shi ne a mayar da shi ƙa'ida, a wallafa sakamakon, a kuma ɗaura rabon kuɗi a kansa.

Dokoki ma ba su yi ƙaranci ba. Tun ranar 31 ga Disamba 2001 ƙasar ke da dokar da ta shata manufar tsara ƙasa, wadda rage bambanci tsakanin yankuna ke cikin ginshiƙanta. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, an kafa hukumar ANFICT a 2008 don ta riƙa isar musu da kuɗi, har da asusun daidaita rabo tsakanin masu hali da marasa hali, an kuma zaɓi majalisun jihohi a 2011. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shiga ga ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo arzikin, aka yi makamancin haka ga man fetur. Wannan adalci ne ga Agadas da Difa. Amma ƙasar da dukiyarta saniya ce da damin gero, abin dogaronta harajin kasuwa ne da ɗan abin da asusun daidaitawa ya kawo. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, ƙarƙashin jagorancin Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou, sun zauna a garuruwa da dama, ciki har da Filinge da Balayara, suna bibiyar yadda mulkin ƙananan hukumomi ke gudana tun kafin zaɓen 2004. Abin da ayyukansu suka yi ta nunawa shi ne an miƙa wa magadan gari nauyi ba tare da kuɗin ɗaukarsa ba, sai ayyukan raya ƙasa suka koma hannun ƙungiyoyin agaji masu zuwa da wa'adi su tafi da wa'adi. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun aka naɗa wakilan gudanarwa, nauyin ya ƙara komawa kan gwamnatin tsakiya, domin yanzu ita ce mai naɗawa, ita ce mai rabawa.

Sannan ga tsaro. An kafa dokar ta-ɓaci a sassan arewacin jihar tun 2017, Abala ta karɓi 'yan gudun hijirar Mali tun 2012, an kashe jami'an tsaro 14 a yankin Sanam a Disambar 2019, kuma a Janairun 2020 aka hana hawa babur a sassan jihar. Duk dalilin da ya sa aka ɗauki matakin, babur shi ne motar asibitin talaka, shi ne abin kai kaya kasuwa, shi ne sana'ar ɗan kabu-kabu. Ɗaruruwan makarantu sun rufe a jihar. Kasuwa in ta mutu harajinta ya mutu, ƙaramar hukuma ta rasa na gyaran rijiya, saurayi ya rasa abin yi, masu ɗauke da makamai kuwa irin wannan saurayin suke nema. Shi ya sa ba daidai ba ne a ce sai zaman lafiya ya dawo za a waiwayi raya yankin.

To me Kurfai ta iya? Kilomita kamar 20 arewa da Filinge akwai tashar kiwo ta Tukunus, wadda tun 1954 ake tace irin shanun Azawak a cikinta, a fili mai faɗin sama da hekta dubu 4. Saniyar Azawak ta yi suna a duk Sahel wajen yawan nono da jure fari, har maƙwabtan ƙasashe suna neman irinta. Shekara saba'in na aikin bincike ke nan a ƙofar gidan Kurfayawa. Duk da haka masana'antun nono na Yamai sun fi dogara da garin madara da ake shigowa da shi daga waje, kuma wurin tattara nono da ya yi suna a kan wannan hanya yana Hamdallai, kusa da birni. Matan yankin sun iya cuku, sun kuma san darajarsa a kasuwa. Abin da ya rage tsakanin hantsar saniya da mai saye a Yamai shi ne wurin sanyaya nono mai aiki da hasken rana, abincin dabbobi da rani, likitan dabbobi da ke zuwa ruga, da bajimai na tashar da za su isa garken talaka a farashin da zai iya.

Na biyu ruwan da ke kwance ƙarƙashin Dallol. A wurare da dama na kwarin, mita kaɗan ake haƙawa a same shi. Manoman Bonkuku sun nuna abin da za a iya yi da shi: dankalin turawansu ya kai kasuwannin Yamai, ya kuma tsayar da wasu magidanta a gida da rani. Matsalolinsu sanannu ne ga duk mai noman rani: iri mai tsada da ke zuwa daga waje, amfanin da ke nuna a lokaci guda farashi ya faɗi, rashin ɗakin ajiya, da hanyoyin ƙauye da ke cin taya. Waɗannan ba su kai kuɗin bango ɗaya na babbar madatsa ba. Suna dai bukatar a san yawan ruwan da ke ƙasa kafin a cika kwarin da injuna, a kuma kiyaye burtali da mashaya kamar yadda dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 suka tanada, don kada lambun wani ya zama sanadin rikici da makiyayi.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga ma'aikatar da ke kula da tsare-tsare da cibiyar INS su fitar da alƙaluman talauci, makaranta, ruwan sha da wutar lantarki na kowace ƙaramar hukuma, su sa su inda kowa zai gani. Tana kira ga ANFICT ta riƙa bayyana abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu a shekara da ma'aunin da aka bi, a karanta shi a gidajen rediyon karkara da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da jami'ar Tilaberi, wadda aka kafa a 2014, su tura ɗalibansu Cikal da Damana da Bonkuku su auna rijiyoyi, su ƙirga garke, su bi buhun dankali daga lambu zuwa kasuwa su ga inda riba ke zubewa. Gwamnan jiha kuma, idan ya zo gabatar da ayyukan shekara, ya ware na bakin kogi daban, na Dallol da tudu daban, gunduma-gunduma, da adadin kuɗin da aka kashe a kowace.