Igiyar ruwa: Wadda ake jira a Legas, wadda ake gudu a dam ɗin Zobe

A gaɓar Tarkwa Bay da ke Legas, matasa masu wasan hawa igiyar ruwa a kan allo sun san lokutan teku kamar yadda manomi ya san damina. Tsakanin Afrilu da Oktoba igiyar ke ƙara girma, domin a lokacin ne guguwar kudancin Tekun Atlantika ke tayar da ruwa, ya yi tafiyar dubban kilomitoci kafin ya iso gaɓa. Irin wannan igiya tana zuwa a jere, da tazara a tsakani, shi ya sa ake iya hasashenta kwanaki kafin ta iso.

A yankin Makera da ke ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, lamarin ya sha bamban. Dam ɗin Zobe, wanda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, ba ya karɓar igiya daga nesa. Iskar wurin ce ke haifar da ita nan take, gajera, a tsaye, wata na bin wata kurkusa. Ita ce ke cika ƙaramin kwale-kwale da ruwa kafin masunci ya juya shi.

Iskar hunturu ba ta cika ba masunta mamaki ba, don daga arewa maso gabas take busowa kullum, sai dai hazo ya ɓoye gaɓa. Abin tsoro shi ne farkon damina, Mayu da Yuni, lokacin da hadari kan haɗu daga gabas, iska mai ƙarfi ta riga ruwan sama isowa.

A nan giɓin yake. Hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara ya fi amfanar manomi, wanda ke son sanin yaushe zai yi shuka. Masunci kuwa gargaɗin awa ɗaya ko biyu yake buƙata, da Hausa, a rediyo ko a waya.

Hukumar NIWA ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya, amma dokar ba ta cika isa ƙauyukan bakin dam ba. Kifewar jirgin Bagwai a dam ɗin Watari na jihar Kano a Nuwamban 2021, inda akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne, lodi fiye da kima aka ɗora wa laifi. Jirgin da aka cika haka ba ya buƙatar babbar igiya kafin ya nutse.