Bukkuyum: Hannun da ke fasa dutse zai iya sassaƙa shi

A ƙauyukan Bukkuyum da Anka, da wuya a samu saurayin da bai san riƙon guduma ba. Da ganin dutse ya san jijiyarsa da inda zai tsage. Sai dai duk wannan gwaninta a kan abu ɗaya take ƙarewa: a farfasa, a niƙe, a wanke, ko Allah zai sa a ga ƙwayar zinare.

Yankin ya riga ya ɗanɗana kuɗarsa. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, da Dareta da Abare a Anka, bayan an riƙa niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, har da injinan niƙan hatsi. Yara fiye da 400 suka rasu. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta kuma ɗage haramcin a Disambar 2024. Komawa ramuka kaɗai ba zai sauya rayuwar mai guduma ba, domin ribar tana hannun dillali.

A Carrara ta ƙasar Italiya, inda aka ciro farin mabul ɗin da Michelangelo ya sassaƙa, yanzu mutum-mutumin inji ne ke rage dutse, amma gogaggen hannu ake nema ya kammala. Masu saye kuma wannan hannun suke biya da tsada. Najeriya na da nata mabul a Igbeti ta Oyo da Jakura ta Kogi, amma masu hali sun fi son na waje a gidajensu.

Za a ce sassaƙa gumaka ba ta dace da addininmu ba. Gaskiya ne, amma ba surar mutum ce kaɗai ake fitarwa daga dutse ba. Duk alhajin da ya taka farin daɓen Harami da rana tsaka ya ji sanyin mabul ɗin Thassos na Girka. Akwai adon mihrabi, rubutun Larabci, matakala da allunan makarantu. Dutsen niƙa ma, da kakanni suka dogara da shi, ai sassaƙa ce.

Abin da ya kamata Gwamna Dauda Lawal ya duba shi ne sanya yanka da gogar dutse cikin shirye-shiryen koyon sana'a, tare da kwalejojin fasaha na Ƙaura Namoda da Talata Mafara. Amma da sharaɗi: a gwada dutsen kafin a taɓa shi, a yanka da ruwa, a sanya takunkumi, a nisanta wurin aiki da gidaje, domin ƙurar dutse na lalata huhu ko babu dalma. Kuma muddin 'yan bindiga na tare hanyar Anka zuwa Gummi, babu ɗan kasuwar da zai turo mota ɗaukar kaya.